Muryar tururi a bakin lantarki: ƙungiyar Abney Park da matsalar kiɗan «steampunk»

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana nazari a kan Abney Park, ƙungiyar makaɗa mai cin gashin kanta da aka kafa a birnin Siyatil na Amurka a 1997. Waƙoƙinta suna zancen injin tururi da jiragen balan-balan na ƙarni na 19, alhali kayan kiɗanta na lantarki ne, salonta kuma gadon «post-punk» ne na Ingila ta ƙarshen shekarun 1970. Za mu nuna cewa wannan haɗi yana da dalili a tarihi: amon da ƙungiyar ta ara don yin bikin haihuwar masana'antu, a asalinsa amon makokin mutuwarsu ne. Daga nan za mu duba tsarin cin gashin kai na ƙungiyar, da kuma irin ƙarni na 19 da take tunawa da wanda take tsallakewa.

1. Gabatarwa

Masu nazarin kiɗa sun saba rarraba shi bisa abin da kunne ke ji: kayan kiɗa, kari, rauji, murya, tsarin amshi. Da haka ne ake bambanta kiɗan kalangu da na gurmi, ko «jazz» da «reggae». To amma tun daga tsakiyar shekarun 2000 an samu wasu makaɗa a Amurka da Ingila da ake tarawa a ƙarƙashin suna guda, wato «steampunk», alhali in mutum ya rufe ido ya saurare su, da wuya ya ji abin da ya haɗa su. Wasu suna kiɗa da jita mai ƙara, wasu da gogen Turai da akodiyon, wasu kuma da kwamfuta kaɗai. Abin da ya haɗa su yana ga jigo da shiga: tufafin zamanin Sarauniya Biktoriya, tabarau irin na matuƙan jirgi, kayan tagulla, da labaran wata duniya inda tururi bai taɓa sauka daga karagarsa ba.

Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: in wani nau'in kiɗa ba shi da amo nasa na kansa, daga ina yake aro, kuma me aron yake faɗa a kansa? Mun zaɓi Abney Park don tana cikin ƙungiyoyin da suka fi shahara da wannan suna, kuma tarihinta ya nuna a fili ranar da ta sauya riga ba tare da ta jefar da kayan kiɗanta na da ba.

2. Kalmomin aiki

2.1. «Steampunk». Kalmar ta fito ne daga adabi. Marubucin nan na Amurka K. W. Jeter ya fara amfani da ita a wata wasiƙa da mujallar Locus ta buga a watan Afrilu na 1987, cikin raha, don ya laƙaba suna ga littattafansa da na abokansa biyu, Tim Powers da James Blaylock, waɗanda suke kai labaransu Landan ta ƙarni na 19. Ya ƙera ta ne a kan kalmar «cyberpunk» da ke tashe a lokacin: ya cire ɓangaren da ke nufin kwamfuta, ya sa wanda ke nufin tururi. Littafin da ya daidaita wa nau'in zama shi ne The Difference Engine na William Gibson da Bruce Sterling, na 1990, wanda ya ƙaddara cewa Charles Babbage ya ci nasarar gina injinsa na lissafi, har zamanin kwamfuta ya riga lokacinsa da shekara ɗari. Kakannin nau'in kuwa su ne Jules Verne a Faransa da H. G. Wells a Ingila. Bambancin shi ne, su waɗannan biyu gaba suke hange, ƴan «steampunk» kuwa waiwaye suke yi zuwa ga wani gobe da bai zo ba.

2.2. «Post-punk». Wannan suna ne na kiɗan da ya biyo bayan guguwar «punk» ta 1976 zuwa 1977 a Ingila. Matasan da suka yi shi sun riƙe darasin «punk», wato kowa yana iya ɗaukar jita ko da bai je makarantar kiɗa ba, amma suka rage gudu, suka ƙara duhu. Alamominsa huɗu ne: jitar bas ce ke ɗaukar rauji maimakon ta tsaya a baya, jita tana yin siririn amo mai kaifi, ganguna suna tafiya da kari guda ba lanƙwasa, kamar inji, murya kuma mai kauri ce, ba ta cika nuna motsin rai ba. Faifan Unknown Pleasures na ƙungiyar Joy Division, na 1979, shi ne misalin da aka fi kawowa. Daga wannan gindi ne rassa biyu suka fito da ke da muhimmanci ga zancenmu: salon «gothic» na su Bauhaus da Siouxsie and the Banshees, mai jigon mutuwa da maƙabartu, da kuma salon «industriel», mai kiɗa da ƙarar ƙarafa, wanda ya samo suna daga kamfanin faifai na ƙungiyar Throbbing Gristle.

2.3. Sintetiza. Na'ura ce da ke haɗa amo daga wutar lantarki, ba tsirkiya, ba fata, ba busa. Robert Moog ya fito da tasa a 1964. Ƙaramar da ake iya ɗauka, Minimoog, ta shiga kasuwa a farkon shekarun 1970. A ƙarshen shekarun kuma kamfanonin Japan irin su Korg da Roland suka karya farashi har matashi mai ƙaramin albashi ya iya saye. A 1983 aka fito da tsarin MIDI, wanda ya ba na'urori dama su yi wa juna umarni, mutum guda ya zama kamar ƙungiya sukutum.

3. Abney Park: daga maƙabarta zuwa sararin sama

Robert Brown ne ya kafa ƙungiyar a 1997, shi ne mai rubuta waƙoƙi kuma mai jan baki. Sunan da ya zaɓa na wata maƙabarta ce a arewacin Landan, da aka buɗe a 1840, aka yi watsi da ita a shekarun 1970 har itatuwa suka rufe kaburbura. Sunan kaɗai ya isa ya nuna dangin ƙungiyar: ɗiyar salon «gothic» ce. Faifanta na farko ya fito a 1998, wasu suka biyo baya, irin su Cemetery Number 1 a 2000 da The Death of Tragedy a 2005. Kiɗan wannan zango injin ganga ne, da sintetiza a hannun Kristina Erickson, da jita mai nauyi, da murya mai kauri. Abin lura shi ne Siyatil ta shekarun 1990 garin «grunge» ce, garin Nirvana da Pearl Jam, don haka ƙungiya mai kiɗa da na'ura ba ta da babban rabo a idon kamfanonin faifai na wurin.

A wajajen 2006 ƙungiyar ta sauya kama. Ta ƙago wa kanta tarihi: wai jirgin saman da ke ɗauke da makaɗan ya yi karo, cikin hadari, da wani jirgin balan-balan mai ratsa zamani, mai suna Ophelia, sai waɗanda suka tsira suka karɓe jirgin suka zama ƴan fashin sararin sama. Brown ya zama «Kyaftin Robert». Aka lulluɓe sintetiza da jita da tagulla, da bututai, da agogunan awo, har su yi kama da kayan ɗakin inji na 1880. Faifan Lost Horizons na 2008, wanda ke ɗauke da waƙar Airship Pirate, shi ne ya tabbatar da sabuwar kamar. Æther Shanties ya biyo a 2009, The End of Days a 2010.

In aka saurari faifan 2005 da na 2008 a jere, za a ji cewa ginshiƙin bai motsa ba. Karin inji yana nan, bas yana nan, shimfiɗar sintetiza tana nan. Abin da aka ƙara iri biyu ne: kayan kiɗa na hannu, wato gogen Turai, akodiyon, da gangar darbuka ta Gabas ta Tsakiya, sai kuma tsarin waƙoƙin matuƙan jiragen ruwa, masu jagora da ƴan amshi. Hausawa kan ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A nan kuwa rawa da riga ne suka sake, kiɗa ya tsaya kusan inda yake.

Ba Abney Park kaɗai ta bi wannan hanya ba. Vernian Process, wadda Joshua Pfeiffer ya kafa a San Faransisko a 2003, kuma ta ɗauki sunanta daga Jules Verne, ita ma daga «gothic» da «post-punk» ta fito, kamar yadda ake ji a faifanta Behold the Machine na 2010. Ke nan lamarin ya wuce zaɓin mutum guda, yana bukatar bayani.

4. Me ya sa tururi ya ari muryar lantarki?

4.1. Ƙarnin da bai bar murya ba

Ƙarni na 19 ya bar wa na baya hotuna, da zane-zanen injuna, da tufafi, da gine-gine. Amo ne bai bari ba sai kaɗan. Édouard-Léon Scott de Martinville ya zana igiyar murya a kan takarda mai baƙin hayaƙi a Faransa a 1860, amma ba a iya sauraron abin da ya ɗauka ba sai a 2008. Thomas Edison ya ƙera na'urarsa ta ɗaukar magana a 1877, sai dai ɗaukar ta kasance gajera, mai shaƙaƙƙiyar murya. Mai ɗinkin tufafin «steampunk» yana da abin kwaikwayo a gidan tarihi; makaɗi ba shi da shi.

Kayan kiɗa guda ne za a ce na tururi ne na haƙiƙa: «calliope», wanda Joshua Stoddard ya yi wa rajista a Amurka a 1855. Jerin usur ne irin na jirgin ƙasa, tururi ke busa su, ana jin su daga nesa ƙwarai, shi ya sa jiragen kogin Misisipi da masu wasan dabbobi suka riƙa amfani da shi don kiran jama'a. Ba a iya rage masa murya, kuma sautinsa yana gocewa in zafin tururi ya sauya. Ba kayan da za a raka mawaƙi da shi ba ne. Sauran kiɗan zamanin, wato fiyano na falo, badujalar soja, waƙoƙin gidajen shaƙatawa na Landan, bai cika zancen inji ba. Mutanen da ke yini cikin ƙarar masaƙa ba ƙarar suke nema da dare ba.

4.2. Yadda na'ura ke kwaikwayon inji

Sintetiza tana aiki da sassa uku. Na farko yana haifar da igiyar amo. Na biyu, matata, yana tace ta, ya rage kaifi ko kauri. Na uku yana tsara yadda amon zai tashi da yadda zai mutu. Akwai kuma wani amo da na'urar ke iya fitarwa wanda ya ƙunshi dukkan sautuka a cakuɗe, kamar shuuu ɗin rediyo tsakanin tasha da tasha. In aka bi da shi ta matata, aka datse shi gajere-gajere, sai ya koma hucin tururi sak. In aka miƙa shi ga sashen da ke maimaita jerin sautuka ba gajiya, sai a samu tafiyar fistin. Kan jirgin ƙasa mai silinda biyu yana huci sau huɗu a kowane juyin ƙafa, kiɗan rawa na Turai kuma yawanci bugu huɗu ne a kowace gaɓa. Saboda haka kunne ba ya wahala wajen haɗa su. Ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus ta nuna hanyar kwaikwayon jirgin ƙasa da na'ura tun a faifanta Trans-Europe Express na 1977. Daga baya na'urar ɗaukar guntun amo ta ƙara sauƙaƙa aikin: a bugi ƙarfe sau guda, a ɗauka, a mayar da shi ganga. Depeche Mode ta yi haka a Construction Time Again na 1983, bayan ta ga yadda Einstürzende Neubauten ta Balin ke kiɗa da tarkacen ƙarafa.

Akwai kuma wata dangantaka ta tunani. A bayanan da Ada Lovelace ta rubuta a 1843 a kan injin Babbage, ta yi hasashen cewa in aka iya mayar da dangantakar sautuka lissafi, injin zai iya tsara kiɗa. Na'urar da ke maimaita sautuka bisa umarnin lambobi ita ce cikar wannan hasashe. Ta wannan fuska, makaɗin da ya lulluɓe sintetizarsa da tagulla bai yi ƙarya gaba ɗaya ba: yana mayar da na'urar ne gidan kakarta.

4.3. Mancesta sau biyu

Dalili mafi ƙarfi yana ga tarihin garuruwa. Mancesta ita ce birnin masana'antu na farko a duniya, garin masaƙun auduga masu aiki da tururi. Layin dogo tsakaninta da Libaful ya buɗe a 1830. Shefild kuma garin ƙarfe ce. A waɗannan garuruwa biyu ne «post-punk» da kiɗan sintetiza na Ingila suka fi yin ƙarfi: Joy Division da kamfanin Factory Records, wanda aka kafa a 1978, a Mancesta, Cabaret Voltaire da The Human League a Shefild. A lokacin masaƙu sun rufe, masana'antun ƙarfe suna sallamar ma'aikata, kuma a farkon 1982 yawan marasa aiki a Birtaniya ya haura miliyan 3. Matasan suna gwajin kiɗansu a cikin tsofaffin ɗakunan ajiya da babu kowa. Martin Hannett, wanda ya tsara ɗaukar Unknown Pleasures, ya raba gangunan ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu amsa-kuwwa ta na'ura, ya ƙara ƙarar lif da ta fashewar gilashi, har mai sauraro ya ji kamar yana tsaye cikin masana'antar da aka kwashe wa injuna.

Ke nan amon da Abney Park ta gada ya riga ya ƙunshi inji a cikinsa, amma injin da ya tsaya. Jikokin masu zuba gawayi a tukunyar tururi ne suka ƙirƙiro shi, suna kallon kufan aikin kakanninsu. Da ƙungiyar ta ɗora masa waƙoƙin jiragen sama da masu ƙirƙira, sai ta samu abu mai fuska biyu: baiti yana murna, kiɗa yana makoki. A ganinmu wannan ne ya sa waƙoƙin ba su zama wasan yara zalla ba, kuma shi ne ya sa labarin ƙungiyar bai daɗe a 1880 ba: tun daga faifan 2010 ya koma wata duniya ta bayan rushewar wayewa. Kiɗan ne ya ja labarin zuwa kufai, inda shi kansa ya fito.

5. Cin gashin kai: inda «punk» ya rage

Sau da yawa ana tambaya ina «punk» yake a cikin «steampunk», tun da babu tawaye a sanya rigar attajirin Landan. Amsar da ta fi gamsarwa tana ga yadda ake yin aikin da sayar da shi. A watan Janairu na 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta Mancesta ta ranci kimanin fam 500 daga dangi da abokai, ta buga ƙaramin faifanta Spiral Scratch, kwafi 1000 a bugun farko, ba tare da wani babban kamfani ba. A 1978 Daniel Miller ya ɗauki waƙoƙi biyu a ɗakinsa da ƙaramar sintetizar Korg da rakoda mai layi huɗu, ya kafa kamfanin Mute don ya fitar da su. Waɗannan biyu su ne tushen abin da ake kira kiɗa mai cin gashin kansa.

Abney Park ta bi wannan turba da kayan zamaninta. Ita ke ɗaukar faifanta, ita ke bugawa, ita ke sayarwa kai tsaye ga masu sauraro ta intanet da wuraren wasa. Sauya kamarta ya zo daidai da lokacin da cinikin faifan CD ke faɗuwa, kuma daidai da tasowar masu sha'awar ƙera abu da hannu: mujallar Make ta fara fita a 2005, SteamPunk Magazine a 2007, gidan tarihin kimiyya na Okusfod ya yi baje kolin kayan «steampunk» daga ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010. Tarukan masu wannan sha'awa suka yawaita a Amurka da Turai, kowane taro kuma yana bukatar makaɗa da dare. Ƙungiyar da a fagen «gothic» take ɗaya daga cikin ɗaruruwa, a sabon fagen sai ta zama ta sahun gaba.

Abu na biyu shi ne, labarin da ta ƙago ya zama haja. Ana iya kwafar waƙa kyauta, amma duniyar da aka gina a kewayenta tana haifar da abubuwan sayarwa: tufafi, littafin ƙagaggen labari The Wrath of Fate da Brown ya rubuta, da wasan tebur mai suna Airship Pirates da ya fito a 2011. Mai sauraro kuma ba ɗan kallo ba ne kurum. Yana zuwa da shigar da ya ɗinka, da sunan da ya laƙaba wa kansa, ya zama ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin. Wata ƙungiya ta Landan, The Men That Will Not Be Blamed for Nothing, ta kai wannan tunani ƙarshensa a 2010, da ta fitar da waƙa guda a kan bututun kaki irin na zamanin Edison, kwafi ƴan kaɗan, wanda sai mai tsohuwar na'ura ko mai iya ƙera ta zai saurara.

Wannan ƴanci yana da tsada. Ƙungiyar da ta dogara ga jama'a ƙalilan masu son jigo guda tana ɗaure da jigon. In ta cire tabarau da tagulla, tana iya rasa masu ciyar da ita. Kamfani ba ya yi mata umarni, amma riga tana yi.

6. Ƙarni na 19 na wa?

Zamanin Biktoriya, 1837 zuwa 1901, shi ne kuma zamanin mamayar ƙasashe. Audugar masaƙun Mancesta, har zuwa yaƙin basasar Amurka na 1861, yawancinta bayi ne ke nomawa. Manjan gaɓar Afirka ta Yamma yana cikin abin da aka riƙa shafa wa injuna don kada su ci juna. Jirgin tururi ne ya ba Turawa damar hawan koguna: tun a 1832 jirage biyu na ƴan kasuwar Libaful suka shiga Kwara, ɗaya daga cikinsu ma sunansa Alburkah. Duk mai ɗaukar kayan adon wannan zamani yana ɗaukar wani abu na wannan tarihi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga mai karatu a Nijar, lamarin yana da kusanci na musamman, domin jirgin balan-balan, wanda shi ne babbar alamar «steampunk», ya ratsa samaniyar wannan yanki a wani shahararren littafi na adabin duniya. Littafin da ya fito da sunan Jules Verne, Cinq semaines en ballon na 1863, labarin Turawan Ingila uku ne da suka ratsa Afirka daga Zanzibar zuwa Senegal a cikin balan-balan mai suna Victoria. Hanyarsu ta bi ta tafkin Cadi, da Damagaram, da Damargu, da kusa da Agadas, kafin Tumbutu. Verne bai taɓa taka waɗannan wurare ba; ya dogara ne ga rahotannin matafiya, musamman Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a 1850, ya kuma zauna Damagaram a ƙarshen 1852. Abin da littafin ya ga dama ya nuna na birnin Damagaram shi ne filin da ake kashe masu laifi. Kallo ne daga sama: na cikin kwando suna da suna, da bindiga, da taswira, na ƙasa taro ne kawai, ko abin tsoro ko abin dariya. Shekara 36 bayan fitowar littafin, a 1899, sojojin Faransa suka ci Damagaram.

Ina Abney Park take a cikin wannan? Adalci ya sa a ce jarumanta ba jami'an daula ba ne, ƴan fashi ne masu gudun hukuma. Daɗin daɗawa, labarinta yana ɗauke da darasi: ma'aikatan Ophelia sun koma baya don su gyara zaluncin tarihi, sai katsalandan ɗinsu ya haifar da duniyar da ta fi muni, wadda wasan tebur ɗin ya ajiye a shekara ta 2150, inda wani sarki ya kulle mutane cikin birane masu ganuwa. Wannan suka ce ga mai ganin yana da ikon gyara rayuwar wasu daga sama. Sai dai a wannan duniya, masu ƴanci a doron ƙasa su ne waɗanda labarin ya kira «Neobedouin», wato sababbin makiyayan hamada, kuma darbuka da rawar Gabas su ne alamarsu a dandali. A nan tsohon hoton nan ya dawo: hamada wurin hutun Bature ne daga wayewarsa, mutanenta kuma ado ne. An juya hukuncin, daga raini zuwa sha'awa, amma mai kallon bai sauko daga kwando ba.

A fannin adabi an soma ba da amsa. Nisi Shawl, a littafinta Everfair na 2016, ta kai injin tururi da jiragen balan-balan ƙasar Kwango ta zamanin Sarki Leopold na II, ta sa su a hannun waɗanda ake zalunta. P. Djèlí Clark, a A Master of Djinn na 2021, ya gina Alƙahira ta 1912 wadda ta kori Ingilishi ta zama babbar daula. Waɗannan ayyuka sun nuna cewa tambayar «da a ce» ba mallakar Landan ba ce.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da sakamako uku. Na farko, «steampunk» a fagen kiɗa jigo ne da shiga da hanyar aiki, ba tsarin amo ba. Duk mai son rarraba shi da ma'aunin kunne kaɗai zai ɓata. Na biyu, aron da Abney Park da takwarorinta suka yi daga «post-punk» da sintetiza yana da tushe: na'urar ta fi kowane kayan kiɗa iya kwaikwayon inji, salon kuma an haife shi a kufan garuruwan da tururi ya gina. Na uku, cin gashin kai ya ƴantar da ƙungiyar daga kamfani, amma bai ƴantar da ita daga hotunan da ƙarni na 19 ya bari a kan sauran duniya ba.

Akwai aikin da ya rage ga ɗalibai masu bincike. Ana iya ɗaukar babobin Verne da suka shafi Damagaram da Agadas a gwada su da rahoton Barth, sannan da abin da tarihin baka na waɗannan garuruwa ya adana game da shekarun 1850 zuwa 1899, don a ga abin da ya ɓace a kowane mataki tsakanin ƙasa da kwandon balan-balan.